Kafin a haƙa rami, a auna rijiya



Arzikin Imanan ruwa ne. A cikin Dallol Boso yana kusa da hannu, kuma da shi Bonkuku ke noman dankalin turawan da ku 'yan kasuwa kuke kaiwa Yamai. Ranar da wani kamfani zai nemi haƙa ramin ma'adinai a nan, ku tuna da wannan: in rami ya tarar da ruwa, sai an riƙa kwashe ruwan da inji dare da rana, rijiyoyin kewaye kuwa su yi ta janyewa.

Ga darasi daga Arlit, inda aka fara fitar da uraniyom a 1971. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta bayyana cewa huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin sun zarce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ku ma'aikata kun san dokar 2018 ta wajabta binciken muhalli kafin irin wannan aiki. To, a auna zurfin ruwan kowace rijiya, da kaka da bazara, a gwada tsabtarsa, a ajiye takardun a ma'aikatar magajin gari. In rijiya ta ƙafe daga baya, waɗannan takardu su ne hujjar manomi a gaban alƙali.