In Na'urar Faifai Ta Mutu, a Juya Bayan Sabuwar Kafin a Jona

  

Jama'a masu sauraro, yau hirarmu a falo za ta zauna, gaban talabijin, wajen na'urar nan mai cin faifai wadda aka haɗa da sifikoki biyar da wufa guda, falo ya koma ƙaramar sinima. An idar da sallar isha'i, an zauna, an zura faifai. Sai ka ji tana ƙir, ƙir, ƙir, can ta rubuto maka No Disc, ga faifan kuwa a cikinta. Yara sun yi tsuru-tsuru. Maigida ya tashi ya ɗaka mata duka a ka. Don Allah iyayen gida a daina dukan nan. Abin da ke karanta faifai ɗan ido ne, bai kai ƙwayar wake ba, a kan wasu siraran wayoyi yake lilo. Duka ba ya ƙara masa komai sai karkata.

Na san akwai mai cewa, Malam, wa yake ta faifai yanzu, ga waya ga intanet? To je ka buɗe durowar gidanku. Bikin yayarka yana ciki, da sunan ɗan fari, da walimar saukar Alƙur'ani, da tafsirin malamai da dama waɗanda Allah ya yi wa rasuwa, da finafinan Hausa na lokacin da ake cika Ƙofar Wambai da Bata a Kano ana sarin faifai. Da yawansu ko ka kwana kana nema a YouTube ba za ka samu ba. Wata 'yar'uwata, muryar mahaifinta ba ta rage mata a ko'ina ba sai a faifan ɗaurin aurenta, inda yake sa albarka na 'yan mintuna. Ranar da na'urarsu ta tsaya, kuka ta yi. Saboda irinta na ɗauko wannan magana.

Kafin a tafi kasuwa, a fara tabbatarwa ta mutu ɗin. Sau da yawa suma ta yi. Gwada faifai uku ko huɗu, har da sabo fil, don wani lokacin laifin na faifan ne. In za ka goge shi, sa ƙyalle mai laushi, ka fara daga ramin tsakiya ka ja zuwa baki. Ban da gogewa a zagaye, ban da goga shi a gaban riga kamar yadda muka saba. In duk ta ƙi karantawa, to galibi ƙurar hunturu ce ta rufe idon. Mai gyara zai buɗe, ya ɗan jiƙa auduga da sifirit ya share, sau da yawa shi ke nan. In tiren ne ya ƙi fitowa, kana jin mota tana kuka a ciki, wani ɗan bel ne na roba ya saki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In kuwa ko fitila ba ta kawowa, ɓangaren wuta ne ya ƙone, shi ma ana canza shi. Sai dai samari, kada a ce an ji a rediyo a ɗauko sukundireba. Akwai kayan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare filogi, hasken idon nan kuma ba a leƙa shi. Kada garin neman gira a rasa ido.

To in mai gyara ya ce idon ya gama aiki, kuma kuɗin sabon ido ya kusa kuɗin wata na'urar, sai a yi maganar canji. A nan ne mutane suka fi yin asara.

Yawancin gidajenmu, abin da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata ne da su: akwati guda, mai cin faifai da amfilifaya duk a cikinsa, wayoyin sifikoki a bayansa suke shiga. In ɓangaren faifai ya mutu, amfilifayar tana nan da ranta. Ka gwada rediyon jikinta, ko ka sa filashi. In sauti ya fito, kada ka yar da ita, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ƙaramar na'urar DVD kawai za ka saya, ka kai hotonta talabijin, ka kai sautinta ƙofar da aka rubuta AUX ko Optical a bayan tsohon akwatin. Na ga wanda ya bayar da akwatin kyauta, ya sayo DVD zalla, ya dawo gida yana riƙe da wayoyin sifika shida yana neman inda zai soka su. Babu wurin. DVD zalla ba ta da ƙarfin tayar da sifika. In ma ka ce wata amfilifayar za ka saya wa sifikokin, duba bayansu tukuna. Za ka ga lamba da wata alama mai kama da kofaton doki. Na irin waɗannan akwatuna sau da yawa 3 ne ko 4, amfilifaya ta daban kuwa yawanci 6 zuwa 8 take so. In aka haɗa su da ƙarfi da yaji, zafi za ta riƙa ɗauka tana kashe kanta. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni. Duk na'urar da za ka saya, ka juya bayanta ka karanta kafin ka biya, ka sake karantawa kafin ka jona.

Dalili kuwa, sababbi masu suna sun yi ƙaranci. DVD ta fito a Japan a 1996, Blu-ray ta biyo baya a 2006, amma yanzu kamfanoni janyewa suke yi. Oppo ya daina ƙerawa a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a Amurka a 2019, LG ma ya bi sahu a ƙarshen 2024. Shi ya sa in ka shiga Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, ko Alaba a Legas, abin da za ka fi tararwa ƙananan 'yan Chaina ne, sai kuma na hannu, 'yan kwatano. Na hannun nan akwai masu kyau ƙwarai, wasu sun fi sababbin ƙarko. Amma wutarmu a Nijeriya da Nijar 220 ce zuwa 240. Ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Kusa da inda wayar wuta ta fito akwai 'yar takarda a manne. In ka ga 100 zuwa 240, ko 220 zuwa 240, alhamdu lillahi. In ka ga 110 ko 120 kaɗai, wannan ba ta shan wutarmu sai da tiransifoma mai rage ƙarfi.

Ina zaune a falon wani maƙwabcina aka yi abin a gabana. Ƙaninsa ya aiko masa da na'urar Blu-ray daga Amurka, baƙa wuluk, ko ƙwarzane babu. Filoginta mai ƙafa biyu ne shafaffu, bai shiga soket ba, sai aka aiki yaro ya sayo adafta. Adafta kuwa baki kawai take canzawa, ba ta rage wuta ko kaɗan. Ana sokawa muka ji fat! Wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan gefe, falo ya ɗauki ƙaurin ƙonanniyar roba. Ko faifai ɗaya ba ta ci ba. Da muka juya bayanta, ga 120 nan ɓaro-ɓaro. Har yau abin yana yi mini ciwo, don kallon daƙiƙa biyar ne da ya hana. In filogi ya ƙi shiga soket ɗinka, gargaɗi ne, ka tsaya ka karanta.

Tunda ka riga ka juya bayan, duba wata 'yar alama mai zanen duniya da lamba a tsakiya. Masu finafinai sun raba duniya shiyya-shiyya. A tsarin DVD mu muna shiyya ta 5, tare da Indiya da Rasha. Amurka ce ta 1. Turai da Japan da ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya da Dubai suna ta 2. A Blu-ray kuma haruffa ne, Afirka tana B tare da Turai, Amurka tana A. Na'urar shiyya guda takan ƙi faifan asali na wata shiyyar. Alhazai masu tsarabar faifai, kun ji. Ƙananan 'yan Chainan nan yawanci ba ruwansu, kowanne ci suke, faifan biki da aka buga a gida shi ma ba shi da shiyya. Sai dai wasu na'urorin Amurka ba sa jituwa da tsarin hotonmu na PAL, sai ka ga hoto yana birgima ko allo ya yi baƙi.

Maganin duk wannan guda ne, ka tafi kasuwa da faya-fayanka a aljihu. Ɗauki na biki guda, da tsohon VCD guda, da na asali guda in kana da shi. A sa maka a shago, ka tsaya ka kalla, a tura gaba a dawo baya, a kai har ƙarshen faifan, don raunin ido a can yake bayyana. Na ce VCD da gangan, domin tsofaffin finafinanmu da wa'azozi da yawa a kansa suke, kuma akwai na'urorin Blu-ray masu tsada da ba sa karanta shi sam. Haka PlayStation ɗin da yara ke wasa da ita: ta 4 tana cin DVD da Blu-ray lafiya lau, za ta iya rufa maka asiri kafin ka samu kuɗi, amma ba ta cin VCD, ba ta cin sidin sauti. In mai shago ya ce babu wuta, ka ce ya tayar da janareta ko ka dawo gobe. Ba a cinikin biri a sama. Mu kuma akwai mu da jin nauyi, wai kada a ce mun cika ƙwaƙwa. Kuɗinka ne fa, Alhaji, guminka ne.

Sai ƙofofin jona waya, su ma a baya suke. Kafin ka bar gida, ɗauki hoton bayan talabijin da bayan amfilifaya da wayarka. In talabijin ɗinka tsohuwa ce mai ƙusumbi, mai ƙofar rawaya da ja da fari, ka sani na'urorin Blu-ray da aka ƙera daga 2014 zuwa yau HDMI kaɗai suke fitar da hoto, babu rawaya. DVD ce daidai da kai. In kuma ta bango ce, nemi mai HDMI, hoton ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Kuma kada a sayar maka da wayar HDMI mai ɗan karen tsada a ce ta fi fito da kala. Mai matsakaicin kuɗi, in tana aiki, hoton ɗaya ne.

Wajen sauti, ja da fari hanya biyu kawai suke ɗauka, dama da hagu. Shi ya sa wani zai ce tun da ya canza na'ura sifikokin baya suka yi shiru, ko suna maimaita abin da na gaba ke faɗa. In kana son ka ji mota ta taso daga bayanka ta wuce gaba kamar dā, sai ka bi ta Optical, siririyar wayar nan mai jan haske a baki, ko Coaxial, ko HDMI in amfilifayar tana da mashigarta. Sannan ka shiga saitin sauti na sabuwar na'urar ka zaɓi Bitstream. A cire 'yar hular roba da ke bakin wayar Optical kafin a soka, kuma kada a lanƙwasa ta, karyewa take yi daga ciki. Wajen haɗawa a kashe komai daga bango, talabijin da amfilifaya da na'urar, sai an gama sannan a kunna.

Na koma kan wuta, don ita ce ta kashe yawancin waɗanda muke canzawa. An ɗauke, kowa ya tashi ya bar kaya a jone, can cikin dare a dawo da ita da ƙarfi. Ko a tayar da janareta kaya suna kunne. Ka sayi sabuwa ka mayar da ita soket ɗin da ya cinye ta farko, me ka yi ke nan? A sa sitabilaiza, in an ɗauke wuta a kashe soket, in hadari ya haɗo a zare filogi gaba ɗaya. Uwargida, wannan ke za ki riƙe mana, don ke ce a gida, ke kike ganin shigar wuta da fitarta. A samu ƙyalle a riƙa rufe na'urar in ba a kallo, amma a yaye in an kunna don ta sha iska. Kada a ɗora ta a kan amfilifaya, zafin da ke tashi daga can yana rage wa ido kwana. Rimot kuma a tabbatar an karɓo shi a shago, an gwada shi, don wasu saitin ba sa shiguwa sai da shi.

Lokaci yana hararata. Duk mai faifan biki, ko na suna, ko mai muryar wani nasa da ya riga mu gidan gaskiya, ina roƙonsa ya kai a juye masa a filashi cikin makon nan, ya ajiye kwafi biyu a wuri daban-daban. Faifan da aka buga a kwamfuta yana lalacewa da zafi da shekaru ko ba a taɓa shi ba. Wanda kuma zai shiga kasuwa gobe, ya tafi da faya-fayansa da hoton bayan talabijin ɗinsa, ya juya bayan na'urar ya karanta lambar wuta da idonsa. In ya ga 110 ko 120 kaɗai, kada ya kai ta soket sai da tiransifoma.