JAWABI GA JAMA'AR KARKARA KAN 'YA'YANMU DA ƘWAYA TA KAMA



Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu manoma da makiyaya, ku ba ni aron kunnuwanku. Kun ji bayaninmu kan taki da rijiyoyi. Yau kuma maganar 'ya'yanmu maza ce, waɗanda ƙwaya ta kama.

Kowa a nan ya san gidan da abin ya shafa. Saurayi ya fara da tiramol don ya wuni yana ƙwadago a gona bai gaji ba. Daga nan sai kodin, sai wiwi, sai sholisho. Kafin a ankara ya sayar da akuyar uwarsa, ya taɓa hatsin rumbu. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijeriya suka haɗa na 2018 ya nuna 'yan ƙasar nan fiye da miliyan 14 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

To, hani ya yi kyau. Amma wanda ya riga ya kamu fa, ina za a kai shi? Da yawanmu gidan mari muka sani. Ba mu manta ba, a 2019 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye sun kai su ne don ba su da wata mafita. Asibitoci kamar na Kware da Barnawa da Dawanau suna iyakar ƙoƙarinsu, amma in an sallami yaro, majalisar da ta lalata shi ita zai tarar tana jiransa. Zama da maɗaukin kanwa kuwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka jam'iyyarmu ta yi alkawari, in kun ba mu amana, za mu buɗe gidajen farfaɗowa kusa da ku. Ga yadda za su kasance. Wanda ya fito daga asibiti zai zauna can 'yan watanni, da yardarsa, tare da 'yan'uwansa masu neman rabuwa da shaye-shaye. Ba sarƙa, ba bulala. Doka ta farko, ƙwaya ba ta shiga gidan. Za su tashi da asuba, su yi shara da girki da kansu, su koyi kafinta ko ɗinki ko noman rani. Malamin asibiti zai riƙa duba su, iyaye su riƙa kai ziyara. Wanda ya zame ya koma sha, a mai da shi wurin likita, in ya samu sauƙi ya dawo. Ranar da zai fita, ya fita da sana'a a hannunsa.

Jama'a, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaran nan namu ne, su za su riƙe mana garma gobe. Ranar zaɓe ku fito ƙwanku da kwarkwata, maza da mata, ku jefa mana ƙuri'unku. In mun saɓa wannan alkawari, ku ajiye takardar nan ku tambaye mu.

Allah ya shirya mana zuriya. Wassalam.