Malbaza: Dutsenmu da Ɗiyanmu
(Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar gari)



Yau zancen garinmu za mu yi. Kafin luzin, Malbaza ƙauye ne kamar sauran ƙauyukan Adar: hatsi, dawa, awaki. Dutsen da ke karya mana kalme, shi ne ya jawo mana suna, don dutsen farar ƙasa ne, da shi ake siminti. A 1966 luzin ya fara aiki, bisa babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Madawa.

Ga yadda aikin yake. A fasa dutse, a niƙe shi da yumɓu, a ƙone a tanderu, kana a sake niƙawa da farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira jips. Jips shi ke hana siminti saurin daskarewa, kuma mutanen karkararmu sun daɗe suna tono shi da hannu suna saidawa.

Tsohon luzin, da farko abin da yake iya fiddawa a shekara bai wuce tan 40.000 ba. A 1998 gwamnati ta saida shi ga ƴan kasuwa. A 2011 Malbaza ta zama departama. A 2019 aka buɗe sabon luzin mai ƙarfin tan 650.000.

To, ƴan'uwa, mu tambayi kanmu: cikin wannan duka, ina rabonmu? Luzin na zamani ba ya neman ƙarfin ƙirji kamar da. Makaniki yake so, da mai aikin lantarki, da mai lissafi. Yaron da muka fidda daga lakwal don kiwo, gobe dako zai yi a bakin ƙofa, ko ya tafi cirani.

Saboda haka muna kawo shawara biyu. Ta fari, bayan kaka kowane gida ya zuba abin da ya sawwaƙa a asusun ƙungiya, don ɗiyanmu maza da mata su koyi sana'a. Ta biyu, kada mu saki fadama. Maƙwabtanmu na Galmi, albasa ta kai sunansu har Abijan. Luzin ya canza hannu, rijiyar lambu kuwa tana hannunmu.

Wanda ke da magana ya tashi ya faɗa, sakatare zai rubuta. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.