LACCA A KAN LAUYAN MASU KAMFANI

Laccarmu ta yau a kan wani irin lauya ce, wanda ke tsaya wa mai kamfani in magana ta haɗa shi da ma'aikacinsa. Wajibi ne mu san shi, gama 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin albashi, ta hannunsa takardunsu ke biyowa.

A Nijeriya, kafin mutum ya zama lauya sai ya yi shekara 5 a jami'a, sa'an nan shekara 1 a Makarantar Lauyoyi, wadda aka kafa cikin 1962. Daga nan yakan zauna ƙarƙashin babban lauya har hannunsa ya faɗa. Waɗansu su buɗe ofishin kansu kamfanoni na kawo musu aiki, waɗansu kuwa kamfani ya ɗauke su da albashi.

Mutane suna tsammani aikinsa duk a kotu yake. To, yawancinsa a kan tebur ne. Shi ke tsara takardar ɗaukar aiki, shi ke duba ta gargaɗi da ta sallama kafin manaja ya sa hannu. In ma'aikata suka nemi ƙarin albashi, yana nan bayan manaja yana ba shi shawara. Sai abin ya gagara ake zuwa Kotun Ma'aikata, wadda aka kafa cikin 1976. Ran da lebura ya isa can da bakinsa kaɗai, sai ya tarar lauya ya riga ya jera takardun shekara da shekaru.

Ba mu ce mugu ne ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na kirki a cikinsu ma yakan gaya wa maigidansa cewa biyan mutum hakkinsa ya fi shari'a araha. Amma fa kada talaka ya ɗauka nasa ne.

Abin da ya sani, mu ma sai mu sani. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce lebura ko akawu, a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce da kama aiki. In za a sallame shi ba bisa babban laifi ba, wanda ya yi shekara 2 amma bai cika 5 ba, notis ɗinsa mako 2 ne. Wanda ya cika 5 kuwa, wata 1, ko a biya shi kuɗin notis.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada kowa ya dangwala yatsa a takarda sai wanda ya amince da shi ya karanta masa. Kowace takarda aka ba ku, ku adana ta kamar kuɗi. Ku kuma 'yan kasuwa masu yaran shago, ku ma iyayen gida ne. Ku rubuta abin da kuka shirya da yaro gaban shaidu, domin ranar rabuwa kowa ya san nasa.

Allah ya ba mu wucewa lafiya. Wassalam.