Kofin Ƙalubale da Mutumin Karkara



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wasan ƙarshe na cin Kofin Ƙalubale na Nijeriya, da kuma rabon da mutanen karkara suke da shi a cikinsa.

An fara wannan gasa a shekarar 1945, lokacin da Gwamna Sir Arthur Richards ya ba da kofin, shi ya sa aka fara kiransa Kofin Gwamna. Shekara takwas ƙungiyoyin Ikko ne kaɗai suke ɗaukarsa. A 1953 'yan wasan Kano suka ci Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga Ikko. Daga nan aka gane cewa kofin na ƙasa ne baki ɗaya. Kano ba ta sake ɗaukarsa ba sai bayan shekara 66. A 2018 Kano Pillars ta yi gaba da ci 3 a Asaba, amma Enugu Rangers ta farke, ta kuma yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2019 kuwa Pillars ta ci Niger Tornadoes a Kaduna, ta dawo da kofin gida.

To, ina ruwan manomin Bichi ko Ɗambatta ko Minjibir da wannan? Ruwansa babba ne. A da, ranar wasan ƙarshe mutane sukan kewaye rediyo ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, wanda bai taɓa ganin Ikko ba ya ji sunayen Jos da Ibadan da Binin kamar na maƙwabta. Abin da makaranta take koyarwa game da haɗin kan ƙasa, ƙwallo takan koyar da shi cikin minti 90.

Amma ku lura da ƙasar nan ta arewacin Kano. Gona tana jingine da gona, babu saura, babu fili. Yaro ba ya samun wurin buga ƙwallo sai bayan kaka, idan an kwashe gero da dawa, a lokacin da kakanninsa suke dambe da kokawa. Da damina ta faɗi, fili ya koma gona. Filin makarantar firamare shi ne kaɗai ke tsayawa duk shekara. Ga kuma gidajen kallo, inda samari suka fi sanin ƙungiyoyin Ingila da Sifen fiye da nasu.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan ilmi da na ƙananan hukumomi su tsare filayen makarantu, kada a yanka su a yi shaguna. Ku kuma ɗalibai, ku shirya gasa tsakanin ƙauyuka da rani. Yaron da bai taɓa buga wasan ƙarshe a garinsu ba, da wuya ya damu da na ƙasa.