Ranar da "x" Ya Fisshe Ni Kunya

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Da aka ce in yi magana a kan lissafi sai da na yi dariya, domin 'yan ajinmu sun san kujerar baya nakan koma in malamin lissafi ya shigo.

Ba na mance tambayar da ya ba mu a aji uku: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, nan da shekara 12 kuma sau biyu za su ninka. Muka yi ta canki-canka. Malam ya ce abin da ba ka sani ba, raɗa masa suna. Ɗa x ne, uba 3x. Bayan shekara 12, 3x + 12 = 2x + 24. Ya ce alamar daidai sikeli ce, abin da ka cire a wannan hannu, cire shi a wancan. Muka cire 2x, muka cire 12, sai ga x = 12. Uba 36 ke nan, nan gaba 48 da 24. Sai a jami'a na ji cewa sunan aljabara daga littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820 ya fito, kalmar da Larabawa kan kira ɗorin karaya da ita ce.

To, ina amfaninsa? Ni ma haka na ce a lokacin, Allah gafarta Malam ya yafe mini.

Wata damina aka sa ni karɓar takin zamani na manoma. Takarda ta ce buhu 200, kowanne kilo 50, ƙirga kuwa ta cika cif. Amma mota da kayanta kilo 17,000 ta auna, da aka sauke kuma 8,000. Ɗan kwangila yana ta miƙo mini biro. Na juya bayan takardar na rubuta 200x + 8,000 = 17,000. Sai x ya fito 45. An tsakure kilo 5 a kowane buhu, kilo 1,000, wato buhu 20 cur. Da na sa hannu, ni za a nema ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ba shi ba.

Ya yi rantsuwa, ya ce sikelin ne ya lalace. Muka ɗora buhu goma ɗaya bayan ɗaya a wani sikelin. Bayan kwana uku ya ciko buhu 20, har yau kuma ba ya gaishe ni.