Taken Ƙasa: Darasi Daga Tsibiran Kef Bad



Mu da muka tashi a Gulma da Argungu ba sai an faɗa mana ma'anar take ba. Makaɗi na sa gula a ganga mun san sarkin da ya nufa, tun kafin a ambaci suna, domin take na mai shi ne. To, wane ne mai taken ƙasa? Za mu nemi amsa a Kef Bad, watau tsibirai goma cikin Tekun Atilantika, yamma da Senegal, masu mutane wajen rabin miliyan.

Kef Bad ta sami 'yancin kai daga Fotugal ran 5 ga Yuli, 1975, amma ba ta yi sabon take ba. Ta ɗauki na Gini Bisau, wanda Amílcar Cabral ya rubuta baitocinsa. Shi Cabral a Gini Bisau aka haife shi, iyayensa kuwa 'yan asalin Kef Bad ne, kuma jam'iyyarsa ta PAIGC ta yi gwagwarmaya da nufin haɗe ƙasashen biyu. An kashe shi a Konakiri cikin Janairu 1973, bai ga 'yancin ba. Saboda haka taken alkawari ne: jam'iyya ɗaya, waƙa ɗaya, wata rana ƙasa ɗaya.

Alkawarin nan ya warware a Nuwamba 1980, sa'ad da sojoji suka kifar da Luís Cabral, ɗan'uwan marigayin, a Bisau. Duk da haka mutanen tsibiran suka ci gaba da rera waƙar haɗin kan da ya riga ya mutu, har shekara 16. Sai da suka yi zaɓen jam'iyyu da yawa a 1991, suka sake tuta a 1992, sa'an nan a 1996 suka kafa sabon take, wanda ɗan ƙasarsu Amílcar Spencer Lopes ya rubuta.

Mu waiwayo gida. Taken Nijeriya na 1960 wata Baturiyar Ingila ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta shi. A 1978 gwamnatin soja ta maye shi da wanda 'yan ƙasa suka tsara, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya sa masa kiɗa. Ran 29 ga Mayu, 2024, aka komo da na farko, bayan Majalisar Tarayya ta zartar da dokar cikin 'yan kwanaki.

Ga bambancin da muke so ku lura da shi. Kef Bad ta sake take bayan jama'a sun sake alkibla da ƙuri'unsu. Mu kuwa sau biyu ana sake mana daga sama. Idan taken ƙasa na talakawa ne, wajibi ne a shawarce su, a kuma fassara musu shi cikin harsunansu, domin manomin fadamar Rima ya san abin da ɗansa ke rantsuwa a kai kowace safiya a makaranta. Wannan aiki namu ne, mu masu ilmi.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.